Dutse Ne Ya Fasa Gilashin

Talata, 15 ga Yuli, da hantsi

Dutse ne. Na rubuta shi tun da wuri, don na ga an fara juya magana. Tifa ce ta wuce ni a gangaren gada, cike da tsakuwa ba ko tamfal, dutse ya yi tsalle ya sami gilashin gaba ta wajen kujerar matata Fusae. Tsagar ta fara kamar sawun kaza, kafin in iso gida ta miƙe har gabana.

Motar nan na saye ta shekarar da aka haifi 'yata Mihoko, ina aiki a injin yankan katako. Sama da shekara hamsin, gilashin da ta fito da shi ne a jikinta. Ban yi makaranta mai nisa ba, amma ba wanda ya taɓa koya min riƙon mota.

Saura wata guda bikin matattu na Bon, kuma shi ne na farko tun da Fusae ta rasu. Ranar sha uku ga Agusta matattu suke dawowa gida, kuma ni zan je makabartar haikali in ɗauko matata a motar nan, a kujerarta. Haka muke ɗauko uwarta da ubana duk shekara. A kunna wuta a kabari, a buɗe musu ƙofa, a jira su shiga, a rufe a hankali. Ba za ta zo ta tarar da ni tsaye a ƙasa kamar baƙo ba.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Na kai ta garejin Onodera. Tun muna samari yake taɓa min mota, kuma tun muna samari bakinsa ba ya rufuwa. Ya bi tsagar da farce, sannan ya tsuguna wajen bamba ta hagu, ya daɗe a can.

"Tifa, ka ce, Toku?"

"Tifa na ce."

"Gajeruwar tifa ce kenan. Ta bar maka koren fenti a nan ƙasa."

Na ce masa gilashi na kawo, ba bamba ba. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya ce irin gilashin nan an daina yin sa tun yana da gashi a ka. Kuma takardar gwajin motar za ta ƙare farkon wata, da tsagar nan ba mai ba ni sabuwa. In ba takarda, ba hawa titi.

"Ai ina da inshora," na ce. "Tun ranar da na saye ta nake biyansu, ko madubi ban taɓa nema ba."

Ya yi dariyar nan tasa ta hanci. "To je ka gaishe su."

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan abincin rana

Mihoko ta bugo daga birni. Wa ya gaya mata? Garin nan in ka yi atishawa a gona, sai a tambaye ka mura a kanti.

Asabar, 19 ga Yuli, da yamma

Na kai kankana gidan Oikawa. Babba, wadda nake ta ajiyewa a gona. Matar ce ta fito, an naɗe mata gwiwar hannu. Ta ce, "Baba Konno, ka daina wahalar da kanka, na ce maka ba komai." Ta ba ni shayin sha'ir mai sanyi, muka yi maganar zafin bana da tsutsar da ta shiga kabeji. Mijin bai fito ba, ina jin tarinsa a ciki.

Koren kekenta yana jingine a bayan gida. Ban kalle shi ba.

Talata, 22 ga Yuli, da rana

Mutumin inshora ya zo, wai shi Sugawara. Farar riga, takalmi mai sheƙi, ya sunkuya min har na ji tsoron bayansa. Ya ɗauki motar hoto ta kowane gefe. Muka zauna a tabarma, ya ƙi taɓa shayi.

"Ranka ya daɗe, a lissafin kamfani, motar da ta kai wannan shekaru darajarta ba ta kai kuɗin gilashin ba. In gyara ya fi darajar mota, mukan rubuta cewa ta mutu gaba ɗaya. Sai mu ba ka abin da ya samu, mu ɗauke ta."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita, har da sunkuyawa.

Ta mutu gaba ɗaya. A ɗakin da hoton Fusae yake, turare bai ma gama ci ba, ya faɗi wannan.

Na ce, "Tashi mu je." Na kai shi rumfa, na murɗa makulli sau ɗaya, ta ɗauka. Na ce, "Sa kunnenka nan. Gawa tana wannan numfashin a garinku?"

Ya ce kalmar aiki ce kawai, ba da wata manufa ba. Sannan ya ce akwai wata tambaya. Dutse yakan bar ɗan rami mai tsini, wannan kuwa kamar wani abu mai faɗi ne ya bugi gilashin. Ko zan iya tuna launin tifar? Na ce launin tifa. Ya rubuta. Ban san me ya rubuta ba, ƙananan rubutu suke yi da gangan.

Da ya tafi na shanye shayinsa.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Dutse ne.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan faɗuwar rana

Mihoko ta iso da jirgin safe, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce gidan Oikawa da kwalin alewa. Da ta dawo ta dafa shinkafa, ta gasa kifi, ta yi miya ba gishiri kamar ta asibiti. Sai da na ɗauki tsinken cin abinci ta fara.

"Baba, shekara tamanin da uku fa. Mutane suna mayar da lasisi da kansu, har takardar yabo ake ba su."

"Su rataya ta a wuya."

"Na tambayi masu aikin gada. Ba tifar da ta bi hanyar nan tun bazara."

"To ni ƙarya nake yi."

"Ban ce ba. Ni dai ina ce a bar motar ta huta. Ranar sha uku in yi hayar wata, mu je mu ɗauko Mama."

"Uwarki ba ta shiga motar da ba ta sani ba."

"To ai ga dokin kokwamba za mu yi mata, kamar kowa. Shi ne abin hawan matattu in za su dawo gida."

Na ajiye tsinken. Na ce matar da ko keke ba ta yarda ta hau ba, ita za a ɗora a kan kokwamba mai ƙafar tsinke? Mihoko ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta tashi ta shiga kicin ta buɗe famfo da ƙarfi. Haka uwarta take yi.

Yarinyar nan a kujerar baya ta yi haƙorinta na farko. Har yau alamar tana jikin ledar ƙofa. Yanzu ita ce take gaya min shekaruna.

Litinin, 28 ga Yuli, da la'asar

Na zauna cikin motar a rumfa, ban tayar ba. Gyare suna ta kuka a kan itacen bayan gida.

Kin tuna zuwanmu teku na farko, Fusae? Kika ƙunsa curin shinkafa a ganye, kika jera su a kan allon gaba, rana ta biyo ta gilashi ta ɗumama su, kika ce motar ma ta iya girki. A hawan dutse ruwanta ya tafasa, muka tsaya, kika tafi rafi da butar shayi kina ɗebo mata ruwa, kina ba ta haƙuri kamar saniya. Ni ina zagi, ke kina ba ta haƙuri.

Duk inda muka je ke ce mai cewa, "Hagu, akwai mutum." "Hagu, rami." Nakan ce na gani, ki bar ni in yi tuƙina. Shekarun baya-bayan nan kin fi yawan faɗa. Na ɗauka tsufa ne ya sa ki surutu.

Shiru ya yi yawa a motar nan yanzu.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Sugawara ya bugo. Wai Mihoko ta riga ta yi magana da su kan ɗaya batun, abin da ya shafi gidan Oikawa za su biya duka, asibiti da komai, kada in damu. Ban tambaye shi wane batu ba.

Na gilashi kuwa, in ina so su duba, sai in buga hatimina a kan bayanin da ya yi daidai da wancan. In kuma na tsaya a kan dutse, ba za su iya haɗa biyun ba. Ko na buga ma, maganar dai ita ce ta farko, su ba ni ɗan abin da suka ga dama su ɗauki mota.

Na ce su riƙe kuɗinsu, in riƙe motata da hatimina. Ya ce ya fahimta, ranka ya daɗe. Me ya fahimta? Shekara hamsin suna karɓa da hannu biyu.

Juma'a, 1 ga Agusta, da yamma

Onodera ya nema har kudu, wajen masu tara tsofaffin motoci. Akwai ɗaya, amma sai bayan Bon zai iso. Ya goge hannu da tsumma, ya ƙi kallona, ya ce akwai wani kusa.

"Ina?"

"Ka san inda yake. Kaji suna kwana a kai."

Seizo. Wan Fusae. Mutumin da ya ce a gaban dangi ƙanwarsa ba za ta auri mai warin garin katako ba. Da na sayi mota, ko wata biyu ba a yi ba ya sayi irinta sak, don kada a ce na fi shi. Tasa ta mutu tuntuni, don bai san mai daga ruwa ba. Ranar jana'iza ya zauna a wurin da ya kamata in zauna, ya kuma ce wa malamin haikali ita ce ta riƙe gidan, ni direba ne kawai. A kunnena.

Asabar, 2 ga Agusta

Ba zan je ba.

Lahadi, 3 ga Agusta, da safe

Takardar gwaji ta ƙare yau. Ba zan je ba.

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Onodera ne ya kai ni a motar garejinsa. Na sa riga mai kyau, na riƙe kwalbar giya.

Seizo ya tsufa. Ba wanda ya gaya min ya koma tafiya da sanda biyu. Ya dubi kwalbar, ya dube ni.

"Mai katako. Yau kuma me ya ƙone?"

Na durƙusa a bakin ƙofarsa, na sa goshi a tabarma. Ban taɓa yi masa ba, ko ranar neman aure. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya bar ni a haka har gwiwata ta fara kuka.

"An ce kana kwasar matan mutane a hanya."

Onodera ya yi tari. Ni ban ɗago ba.

"Tashi, kada ka mutu min a ƙofa a ce ni ne." Ya ja sandunansa, muka bi shi rumfar kaji. Ga motar tasa nan, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Amma gilashin lafiya lau, kashin kaji ne kawai. Seizo ya dafa ƙofar hagu ya tsaya.

"Sau ɗaya Fusae ta shiga wannan," in ji shi. "Ta ce taka ta fi daɗin zama. Iri ɗaya fa, kamfani ɗaya. Na yi wata ban yi mata magana ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Ku cire. Ba don kai ba. Ranar sha uku ku biyo ta ƙofar nan, ku yi tafiya a hankali, ina so in ga wucewarta."

Na ce za mu biyo. Giyar ma ya karɓa, bai ce an gode ba. Halinsa yana nan.

Juma'a, 8 ga Agusta, da rana

An sa. Onodera ya zura igiya cikin robar gefe, ni ina danna gilashin daga waje da tafin hannu, shi yana jan igiyar daga ciki kaɗan kaɗan, roba tana hawa bakin ƙarfe. Ya ce in na danna da ƙarfi ya fashe, sai dai in koma in auri Seizo. Gilashin ya zauna daram.

Tsohon gilashin na ce kada ya jefar. Ya naɗe min shi a bargo, yana bayan rumfa.

Gobe zai kai ta gwaji da kansa.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Ta ci gwaji, an manna sabuwar takarda. Yanzu sai Sugawara ya zo ya ga gawar tasa.

Amma gilashin Seizo ba shi da kyau. Na shiga na zauna a harabar gareji, gefen hagu duk hazo, kamar an shafa masa ruwan shinkafa. Dama tsohon ma ya fara haka, na ɗauka shekaru ne. Na ce wa Onodera kashin kaji ya ci gilashin. Ya wanke da sabulu. Na ce yana nan. Ya wanke da wani ruwa mai wari, ciki da waje, ya goge da jarida. Na ce yana nan, ya zo ya gani da kansa, aikin banza ya yi min.

Bai amsa ba. Na yi ta kiransa, ina cewa ina ya shiga kuma.

Sai na ji muryarsa kusa, ta wajen fitilar hagu. "Ina nan tsaye tun ɗazu, Toku. Hannuna ma a sama yake."

Na ce wasan yara ne wannan, ya kai min ita gida, kaina yana ciwo. Ya kai ta. A hanya bai yi zolaya ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni haushi kenan.

Litinin, 11 ga Agusta, da safe

Na rufe idon dama na kalli hotonki. Ba zan sake ba.

Talata, 12 ga Agusta, da la'asar

Mihoko ta dawo. Mun share kabari da safe, ta yi dokin kokwambarta da saniyar yalo ta komawar matattu, na ƙyale ta. Ba ta yi maganar lasisi ba. Na san Onodera ya bugo mata, na ga yadda take ajiye min kofi ta dama.

Ta sauko da fitilar takarda daga saman kabad, mai tambarin gidanmu, tana kakkaɓe ƙura. Ta ce, "Baba, wa zai riƙe wannan gobe?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Wutar da aka kunna a kabari ita matattu suke bi, ba a bari ta mutu sai an kunna ta gaban hoto a gida. Duk shekarun nan Fusae ce take rungume da ita, ni ina tuƙi.

"Ke mana," na ce.

"Ni hannuna rawa yake yi. Kuma ban san yadda ake kare ta daga iska ba, Mama ba ta taɓa ba ni ba. In ta mutu a hanya fa? Mama ta tsaya a gada ba ta san inda za ta bi ba?"

Ta faɗa tana kallon fitilar, ba ni ba. Yarinyar da take zare ƙaya da allura ba ta ƙifta ido, ita ce hannunta yake rawa.

Na ce giyar motar nan a jikin sitiyari take, ba irin ta ragwaye ba ce, ba za ta iya ba. Ta ce in koya mata. Muka yi ta zagaya fili har rana ta yi ja. Ta kashe ta ya fi a ƙirga, kuloci yana wari, ina jin abin har cikin haƙorina. Na ce mata a hankali, kamar za ki taka ƙwai. Ta ce, "Na gani, Baba, ka bar ni in yi tuƙina."

Ban san inda ta samo wannan bakin ba.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan an ci abinci

Mun je da yamma, makabarta cike da mutane da hayaƙin turare. Matar Oikawa tana can wajen nasu, an cire naɗin. Ta sunkuya, na sunkuya, na fi ta daɗewa.

Na kunna kyandir a kabarinki, na ɗauki wutar na sa a fitila. Na buɗe miki ƙofar gaba. Na jira yadda nakan jira ki gyara zama ki tattara bakin riga, sannan na rufe. Na shiga baya.

Ban taɓa zama a bayan motar nan ba. Ashe rufin yana da tabo, ashe ana jin kowane rami. Na rungume fitilar da hannu biyu, na kare ta da hula. Mihoko ta tayar da fizga, wutar ta kwanta, na daina numfashi, ta miƙe.

Mun biyo ta ƙofar Seizo. Yana tsaye a kan sandunansa, ya sa baƙar riga a wannan zafin. Mihoko ta rage tafiya har motar tana neman mutuwa. Bai dube ni ba, bai dubi Mihoko ba. Kujerarki ya sunkuya wa.

A gangaren gada na ji bakina ya ce, "Hagu, a hankali." Ban ga komai a wurin ba. Na dai faɗa.

Da muka iso na buɗe miki, na ce mun iso, ki yi haƙuri da tuƙin, sabuwar hannu ce. Na shiga gabanki da fitila, na kunna ta gaban hoto. Wutar ba ta mutu ba ko sau ɗaya. A rubuta wannan ma.

Mihoko ta yi miya, ta sa gishiri yau. Makullin yana cikin jakarta, na ji ƙararsa da ta ajiye. Ban tambaya ba. Na dai gaya mata ranar Asabar, in za mu mayar da ke, ni zan sake riƙe fitilar. Hannunta rawa yake yi.